Abin da Aka Gani a Saman Ƙodar Malam

Ɗakin da aka sauke mu a Alƙahira yana hawa na shida, kuma injin da ke hawa da mutane ya lalace tun kafin mu zo. Da ƙafa muka hau, Malam yana gaba yana haki, ni ina baya da jakar da na cusa kuka da daddawa da yaji a ƙarƙashin zannuwana. A hawa na huɗu ya tsaya ya dafa bango, ya juyo ya dube ni.

"Asabe, mutanen nan ƙasa ce ba su da ita, suke ɗora gida a kan gida?"

Na ce masa ya rage magana ya ji da numfashinsa. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, ranar ce ta farko da na ce masa ya yi shiru ya yi.

Ni ba matafiyiya ba ce. Sana'ata turara shinkafa a cikin gidana a Kura kafin a kai ta inji, kuma iyakar yawona Kano, sai Zariya da na je biki sau biyu. Malam, mijina, manomin rani ne. Gonarsa tana hanyar Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke shayar da gonakin wajen. A bakin kanal ɗin nan babur ya zame da shi wata ranar Laraba, haƙarƙarinsa ya bugi siminti. Aka kai shi Kano, aka saka shi cikin injin ɗaukar hoton ciki don a ga ko wani abu ya fashe. Ba abin da ya fashe, ƙashi biyu ne suka tsage. Amma likitan ya ce ya ga wani ƙari a saman ƙodar dama, abin da ba shi aka je nema ba. Ya rubuta gwaje-gwaje a takarda, ya ba mu ranar dawowa.

Kalmar ƙari ita ta rikita gidanmu. Kafin kwana uku kowa a dangi ya zama likita. Abba, babban ɗanmu, ya samo lambar wani mutum da aka ce yana kai marasa lafiya Masar, ba bin layi, ba jira. Aka haɗa abin da aka haɗa. Abba ba zai iya barin gona ba, lokacin dashe ya gabato, shi kuwa Malam ya ce ba zai ci abincin hannun kowa ba a ƙasar da bai sani ba. Haka aka yi na tsinci kaina a hawa na shida.

Mutumin da ya tarye mu sunansa Tanimu. Ɗan ƙasarmu ne, ya daɗe a can, kullum da wayoyi biyu a hannu. Bakinsa da zaƙi: ni Mama, Malam Baba. A waya ya ce mana masauki yana ƙasa, kusa da asibiti. Da na tuna masa, sai ya ce ai wancan an riga mu, wannan ma da ƙyar ya samo saboda darajar Baba. Ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce za a yi rajista da su.

Kwana biyu ba mu gan shi ba. Sanyi ake yi irin wanda ke shiga ƙashi, ba itace, ba garwashi, sai wani murhun gas mai baki ɗaya da na sha wahala kafin na gane kansa. Daga taga ba a ganin ko bishiya ɗaya, sai gidaje masu launin ƙasa da igiyoyin shanya. Malam yakan tsaya a wurin ya daɗe, hannuwansa a baya, kamar yadda yake tsayawa a kan kunyar gona in yana duba ruwa.

Rana ta uku Tanimu ya zo ya kai mu wurin wani likita dattijo mai tabarau. Likitan ya ɗaga hoton ya duba ya sake dubawa. Sannan ya yi magana mai tsawo, yana lissafi da yatsu, yana rubutu. Da ya gama, Tanimu ya juyo.

"Baba, ya ce abin ya yi nisa. Jibi zan kai ka wani asibiti a soka allura a ɗebo kaɗan a duba, mako mai zuwa a yanka."

Malam ya ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Larabcina bai wuce na salla ba, sai dai na san kalmar "la", wato a'a, kowane Musulmi ya san ta. Na ga likitan ya kwatanta soka allura da hannunsa, ya kaɗa yatsa, ya ce "la" har sau uku. Kuma maganar da ya yi ta fi wadda aka juya mana tsawo nesa ba kusa ba.

Da muka koma ɗaki bayan la'asar, Malam ya zauna a bakin gado ya fara wasiyya. Wace gona ce ta wa, wa za a bar wa injin ban ruwa, kada a bar Sadiya, autarmu, ta daina makaranta. Na ce masa ba zan saurara da yunwa ba. Na tashi na ɗora tukunya, na jefa daddawa da yawa fiye da yadda na saba. Ƙamshi ya cika ɗakin, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga wata gajeriyar mata, za ta girme ni da kamar shekara biyar, ta yafa wani dogon mayafi mai ruwan goro.

"Salamu alaikum. Wa ke dafa daddawa a gidan nan?"

Da Hausa ta faɗa. Na amsa sallamar da ludayi a hannu, na ce ta shigo.

Sunanta Batula. 'Yar Sudan ce, amma kakanninta daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira tare da iyalin 'yarta, suna hawa na biyar, tana yi wa amare lalle. Hausarta irin ta kakata ce, tsohuwa, da Larabci a tsakani. Ta ce rabonta da ƙamshin nan tun rasuwar mahaifiyarta. Ta zauna a ƙasa muka ci tare, Malam yana can gefe da kwanonsa. Kafin a wanke hannu na gaya mata komai, har da "la" ɗin nan guda uku.

Ta ce, "Gobe mu koma wurin likitan, mu kaɗai."

Malam ya ce, "Hajiya, anya ba cin fuska ba ne? Yaron nan shi ya kawo mu."

"Malam, cikinka za a soka ko nasa?"

Ya ce to, a je.

Washegari likitan ya gane mu. Batula ta tsaya kusa da teburinsa, in ya faɗi magana ɗaya sai ta ɗaga masa hannu ya dakata, ta juya mana, sannan ya ci gaba. Ashe abin da ya ce shi ne kada kowa ya kusanci ƙarin nan da allura ko wuƙa sai an yi wasu gwaje-gwaje, don akwai irinsa da taɓa shi kawai kan iya kashe mutum. Bai ce ya yi nisa ba, bai ce kansa ba ce. Ya ce mu je wurin wata likita da ta ƙware a wannan fanni, har ya rubuta sunanta a takardar da Tanimu ya ninke ya saka a aljihu. Da ya ji abin da aka gaya mana, ya cire tabarau ya ajiye. Daga baya Batula ta ji a wurin mutanensu cewa wancan wurin da za a kai mu, Tanimu yana da kaso a kan duk wanda ya kai.

Saura fasfo. Batula ta san shagon shayin da yake zama. Ta ce Malam ya tsaya a ɗaki, ni in biyo ta. Muka same shi cikin maza, da wayoyinsa a kan tebur. Ya taso yana "Mama, Mama," ita kuwa ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga mutanen da ke zaune ta fara magana da Larabci, ba da ihu ba, tana nuna ni, tana nuna shi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga masu shan shayi sun ajiye kofuna. Mai shagon, wani ƙato mai gashin baki, ya fito ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu. Tanimu ya buɗe jakarsa ya miƙo fasfo biyu. Na karɓa na buɗe na ga fuskar Malam da tawa, na soke su a cikin zane.

Ya ce, "Mama, wallahi rashin fahimta ne."

Na ce, "Ka je, kai da Allah." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ban sake ganinsa ba.

Likitar da aka tura mu wurinta ba ta fi sa'ar Abba ba. Daktora ake ce mata, mu ma muka bi. Ta ɗauki takarda ta zana ƙoda biyu, ta ɗora wa kowace 'yar hula a ka. Ta ce hular nan ƙarama ce, amma ita ke fitar da sinadaran da ke tsare da bugun zuciya da hawan jini da gishirin jiki. Ta ce yanzu da injinan hoto suka yawaita, sau da yawa ana zuwa neman wani abu daban sai a ga ƙari a wurin, kuma mafi yawansu ba ruwansu da kowa, ana barin su inda suke. Abu biyu take son sani: kamanninsa da girmansa a hoto, sannan ko zaune yake kawai, ko kuwa yana zuba wani abu cikin jini fiye da ƙima. Ta ce na Malam, a hoto, bai yi kama da waɗanda ake ƙyalewa nan take ba.

Ta tambaye shi ko yana ciwon kai mai zuwa farat ɗaya, da gumi, da bugun zuciya.

Malam ya ce, "Ki gaya mata lafiyata lau. Hawan jini ne kawai, ina shan magani."

Daktora ta saurari Batula, sannan ta juyo da kujerarta wajena. Ta ce ni take son ji.

Na dubi Malam, ya kau da kai. Sai na faɗa. Na ce shekara wajen biyar ke nan akwai abin da ni da yara muke kira tashin Malam. Yana zaune lafiya, ko ya sunkuya zai ɗauki buhu, sai fuskarsa ta yi fari, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf ko da sanyi ake yi, hannunsa ya kama rawa, ya riƙe kai. A lokacin ko sannu ka ce masa sai ya daka maka tsawa. Kafin a dafa shayi ya wuce, ya bar shi a gajiye. Na ce an canza masa maganin hawan jini ya fi sau nawa, ni kuma na cire gishiri daga miyarsa, duk bai hana ba.

Daktora tana ta rubutu. Da muka fito, Malam ya ce, "Ashe har suna kuka ba shi."

Na ce, "To da me za mu kira shi?"

Gwaje-gwajen sun ci mako guda. An kwantar da shi rabin sa'a kafin a ɗebi jini. An ba shi ƙwaya ɗaya ya sha kafin barci, da safe aka sake ɗiba. Wanda ya fi ba shi kunya shi ne na fitsari. Aka ba mu wata babbar jarka, aka ce duk abin da ya yi daga safiya zuwa safiya a tara a ciki. Ranar mayarwa ya ce shi ba zai ratsa gari da wannan abu ba, yana da jikoki. Na naɗe jarkar a cikin zane mai kyau, na rungume ta muka shiga bas. Motar cike take. Wani bawan Allah ya dubi abin da ke hannuna ya miƙe da sauri ya ba ni wurinsa, yana yi wa jaririn addu'a. Batula ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Malam ya kafa wa taga ido har muka sauka. Sai da muka shiga harabar asibiti ya fashe da dariya, har ya riƙe haƙarƙarinsa mai ciwo.

Jiran sakamako ya fi komai tsawo. A nan kewar gida ta kama ni sosai. Ina sayen gurasarsu, mai kama da tamu ta Kano amma ba ita ba, ina ci ba na jin ɗanɗano. Jikokina suna turo murya ta waya, kowa yana ƙwace wayar daga hannun ɗan uwansa, in saurara sau biyar. Akwai ranar da na hau saman gidan shanya, na tuna cewa iwar haka da ina tsakar gidana, tururin shinkafa yana tashi, maƙwabciyata tana leƙo kai ta katanga tana tambayar ko akwai sauran wuta. Na zauna a kan wani tsohon bokiti na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na sauko.

Batula ta ce zaman ɗaki zai kashe mu kafin ciwo, ta kai mu bakin kogin Nilu. Malam ya tsaya a kan gada yana kallon ruwan, ya daɗe. A gida bi da bi ake ba manoma ruwan kanal, kowa da ranarsa.

"Asabe, dubi ruwa yana tafiya, ba mai cewa yau ba ranarka ba ce."

Ya sa Batula ta tambayi wani mai sayar da gasasshen dankali me ake nomawa a ƙauyensu. Ashe shi ma manomi ne. Suka tsaya suna maganar albasa da tsutsar tumatir, Batula tana tsakani har ta gaji ta ce su ƙarasa da hannu. Mutumin ya ƙi karɓar komai a kan dankalin.

Ranar sakamako mun haɗu a wurin jira da wani mutum da matarsa, shi ma an ga irin wannan ƙari lokacin da ake neman tsakuwa a ƙodarsa. Suka shiga kafin mu, suka fito suna murna. An ce nasa ƙarami ne, zaune yake ba ya komai, ya tafi gida. Malam ya yi masa barka da hannu biyu. Na ga yadda ya gyara zama, na san abin da yake fata.

Namu bai zo haka ba. Daktora ta ce ƙarin Malam yana aiki. Yana tara sinadarin da ke tashin zuciya in mutum ya firgita, sai ya sake shi gaba ɗaya cikin jini, shi ne abin da muke gani. Ta ce ba ta ga alamar ya bazu ba, amma dole a cire shi. Sannan ta ce da an soka masa allura ko an yanka shi ba tare da shiri ba, jininsa zai iya hawa a kan gadon tiyata ya wuce inda za a iya dawo da shi. Batula ta juya wannan a hankali, ba ta dube ni ba.

Daktora ta ɗauko tsohuwar takardar likitan Kano daga cikin fayil, ta nuna da biro. Ta ce gwaje-gwajen da ta yi, su ne mutumin nan ya rubuta tun farko. Na ji kunya ta rufe ni. Malam ya ce, "Tsoro ne ya kawo mu, ki gaya mata." Ta ce ta sani, ba mu ne na farko ba.

Aka shiga shiri na mako biyu. Daktora ta karɓe magungunansa na da, ta ba shi wani da zai saki hanyoyin jini a hankali. Maganin ya toshe masa hanci, in ya miƙe da sauri jiri ya ɗebe shi, sai na koya masa tashi kamar mai jego: a zauna tukuna, a jira, sannan a miƙe. Bayan kwana uku ta ce ya riƙa shan ruwa da yawa, a kuma ƙara masa gishiri a abinci.

Na ce Batula ta sake tambaya, ko ba ta ji daidai ba. Ta sake tambaya. Gishiri dai.

Da muka koma ɗaki na ajiye wa Malam tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya rufe ido.

"Shekara biyar, Asabe. Shekara biyar ina cin miya kamar ruwan wanki."

"Ai don kada ka mutu ne."

"Na sani. Ƙaro kaɗan, likita ce ta ce."

A cikin makonnin nan ne muka yi maganar da ba mu taɓa yi ba. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa saboda sanyi ya fasa masa diddige, sai ya ce, "Tsawar nan da nake yi miki." Ya tsaya. "In abin ya taso, ji nake kamar mutuwa ce ta shigo ɗakin. Ba na son ki gani, shi ya sa nake korar ki."

Na ce, "Ni kuwa na ɗauka ka gaji da ni ne."

Ya janye ƙafarsa ya zauna sosai. "Haka kika zauna da wannan a ranki, ba ki faɗa ba?"

"Kai ka faɗa?"

Can ya ce, "Ki yafe mini." Na ce na yafe tun kafin ya tambaya, ya miƙo ɗaya ƙafar.

Da safe aka shiga da shi tiyata. Kafin su tura gadon ya cire hularsa ya ba ni, ya ce kada in zauna a kanta. Batula ta ajiye aikin wata amarya ta zo ta zauna da ni. Ba ta yi ta ba ni haƙuri ba, carbinta kawai take ja, kafaɗarta tana jingine da tawa. Wata tsohuwa da ke jiran ɗanta ta ɓare lemo ta raba uku, ta miƙo mana. Na karɓa na ci.

Bayan azahar likitan tiyata ya fito, Daktora tana bayansa. Ta ce an cire ƙarin tare da hular ƙodar ta ƙananan huji huɗu, ba a tsaga ciki ba. Jinin ya hau lokacin da aka taɓa ƙarin, ya faɗi bayan an cire, amma sun shirya wa duka biyun. Zai kwana ɗaya a ɗakin kulawa. Na durƙusa a wurin, a kan tayil ɗin asibiti mai sanyi, na yi sujada.

Washegari aka bar ni na shiga. Ya buɗe ido da ƙyar, leɓɓansa a bushe. Na sunkuya in ji abin da zai ce.

"Abba ya samu ruwan gona ranar Talata?"

Na ce ya samu. Ban sani ba ko ya samu, sai da na fita na buga waya.

Mun ƙara mako biyu. Sakamakon abin da aka cire ya zo da sauƙi, amma Daktora ba ta sallame mu da daɗin baki kawai ba. Ta ce hular ɗaya ƙodar za ta ishe shi. Ta ce irin wannan ƙari yakan dawo ko bayan shekaru, don haka duk shekara sai an gwada jininsa, kuma wani lokaci yana bin dangi, a gaya wa likita ya duba batun yaran. Ta rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga likitan Kano, ta ce wurinsa za mu koma. Ta kafa wa Malam doka: ba ɗaukar kaya, ba sunkuyon aiki, sai bayan mako shida. Ta sa ya maimaita.

Ranar da za mu taso, Batula ta zaunar da ni ta zana mini lalle har gwiwar hannu, irin na amare, duk da na ce na tsufa da wannan. Na juye mata sauran kayan miyata kaf. A bakin matakala Malam ya tsaya ya ce, "Hajiya, ba ni da abin da zan ce. Akwai ɗaki a gidana a Kura, duk ranar da kika ga dama."

Ta ce, "Ku je, ku da kuke da inda za ku koma. Ku gaishe mini da ƙasar." Ta juya ta shige kafin in rungume ta. Har yau muna tura wa juna murya, takan ce in bar wayar a tsakar gida ta ji hayaniyar yara.

Abba ya tarye mu a Kano da motar wani abokinsa. Da muka kusa Kura, na ɗauka gida za mu wuce, mutane suna jira, an yi girki. Sai Malam ya taɓa kafaɗar direba ya ce a bi ta hanyar Bunkure. Abba ya dube ni ta madubi, na ce a bi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka isa. An yi dashe, shinkafa ta kama, ruwa yana kwance a fangali. Malam ya fito a hankali, ya taka har kan kunya, ya tsaya. Ya ce dashen ya yi cunkoso ta gabas. Abba ya ce to, Baba. Sannan idonsa ya faɗa kan wata ciyawa da ta fito a gefen fangalin farko, na ga ya fara tattare rigarsa zai sunkuya.

Na ce, "Malam."

"Guda ɗaya ce."

"Mako shida aka ce."

Ya tsaya da riga a hannu, yana duban ciyawar kamar ta zage shi. Rabona da shiga gona tun ina budurwa a gidan mahaifina. Na cire takalmin da na sha yawon Alƙahira da shi, na ɗage zane, na taka cikin ruwan. Laka ta shige tsakanin yatsuna, da ɗumin rana a jikinta. Na tuge ciyawar na jefa kan kunya.

Na ce, "Sai ina? Tsaya nan ka nuna mini."

Ya saki rigar, ya ɗaga hannu. "Ga wata can, ta hagunki. A hankali, kada ki taka mini shinkafa."